Zoben haɗa kyamara marar madubi da na'urar hangen nesa: gajere ya fi dogo amfani

Wanda ya mallaki kyamara marar madubi kuma yana da na'urar hangen nesa ba ya daɗewa sha'awar haɗa su ba ta kama shi ba. Haɗin kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana cire gilashin kyamarar, a zare gilashin leƙawa na na'urar, sai na'urar ta koma ita ce gilashin kyamara, haskenta ya sauka kai tsaye a kan sensa. Abin da ke shiga tsakaninsu shi ne adafta, wani zoben ƙarfe wanda babu gilashi ko waya a cikinsa, kuɗinsa kuma bai kai ko kusa da na kyamarar ba, amma shi ke yanke hukuncin ko hoto zai fito ko ba zai fito ba. Na yi aiki da iri uku na wannan zobe a jikin kyamarar Sony a6400, a kan na'ura mai madubi irin ta Newton mai faɗin milimita 130 da tsawon fokas milimita 650, da kuma ƙaramar na'ura mai gilashi ta milimita 80. Ra'ayina shi ne, zoben da aka fi tallatawa, wato dogon nan da ake kira T2, ba shi ne ya fi dacewa da mai kyamara marar madubi ya fara saya ba. Gajeren zobe tare da 'yan zobban ƙari ya fi shi biyan buƙata.

Dalilin yana cikin tarihin zoben. Kamfanin Tamron na Japan ne ya fito da tsarin T a shekarar 1957, domin gilashi ɗaya ya hau kyamarori daban-daban ta hanyar sauya zobe kawai, kuma sigarsa ta biyu, T2, ita ce masu na'urorin hangen nesa suka ɗauka suka riƙe har yau. Tsarin ya tsayar da abu biyu. Na farko tiredi ne mai faɗin milimita 42 da tazarar milimita 0.75 tsakanin layukansa. Na biyu kuma, wanda shi ne asalin maganar, tazara ce ta milimita 55 daga fuskar zoben zuwa inda hoto ke sauka, fim a wancan zamani, sensa a yau. An zaɓi tazara mai tsawo haka ne domin ta wuce zurfin kyamarori masu madubi, waɗanda dole su bar wa madubin wurin ɗagawa. Kyamarar Canon mai bakin EF tana da zurfin milimita 44 daga baki zuwa sensa, don haka zobenta milimita 11 ne. Nikon mai bakin F tana da 46.5, zobenta 8.5. Zobba ne sirara, ba su fi kaurin yatsa ba.

Da aka cire madubi daga cikin kyamara, sai sensa ta matso bakin ƙofa. Zurfin Sony E milimita 18 ne, na Fujifilm X 17.7, na Canon RF 20, na Micro Four Thirds (tsarin kyamarorin Olympus da Panasonic) 19.25, na Nikon Z kuwa 16 kacal. Masu ƙera zobba suna son cika milimita 55 ɗin nan ta gado, saboda haka suka tsawaita zoben ya cike gurbin madubin da babu shi: milimita 37 ga Sony, 35 ga Canon RF, 39 ga Nikon Z. Sunansa zobe, amma a zahiri bututu ne. Ma'ana, babbar ribar kyamara marar madubi a wannan aiki, wato iya kusantar da sensa ga na'ura, ita ce zoben T2 na yau da kullum ke salwantarwa tun kafin a fara ɗaukar hoto.

Zobe na farko da na gwada irin wannan ne, dogo, na alminiyam, marar sunan kamfani a jikinsa, ya zo tare da ɗan bututu mai faɗin inci 1.25 wanda ake murɗawa a gabansa a zura a ramin gilashin leƙawa. A kan na'urar Newton bai yi aiki ba. Na murɗa masaitar fokas ciki, wata yana ta tattaruwa a allon kyamara daga farin dunƙule zuwa wani abu mai alamar duhu a jikinsa, sai masaitar ta kai ƙarshenta ta tsaya cak, saura kaɗan ramukan wata su bayyana. Wannan ba aibin zoben kaɗai ba ne, kuma ba lalacewar na'ura ba ce. Yawancin na'urorin Newton da aka ƙera don kallo da ido suna ajiye wurin fokas ɗinsu kusa da bakin masaita, inda gilashin leƙawa ke buƙatarsa, domin a samu damar amfani da ƙaramin madubi na biyu. Sensar da aka tura baya da milimita 55 ba za ta iya kaiwa wurin ba. Shi ya sa kamfanin Sky-Watcher yake da samfuri na daban, 130PDS, wanda aka matso da babban madubinsa gaba aka kuma sa masa masaita ta inci 2, musamman domin kyamara ta kai fokas.

A nan akwai tarkon da ya kamata mai saye ya sani. Mutane da yawa kan gwada haɗin da rana, su saita na'urar a kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sadarwa na unguwa, hoto ya fito tas, su ɗauka aiki ya kammala. Abin da ke kusa yana yin fokas ne a waje, nesa da bakin na'ura, wata da taurari kuwa suna yi a ciki. Zoben da ya nuna bulon hasumiya ɗaya bayan ɗaya da la'asar zai iya kasa nuna wata bayan isha'i. Gwajin da za a dogara da shi sai a kan wata ko tauraro mai haske, kuma a tabbatar masaita ta wuce wurin fokas da ɗan rara, ba wai ta tsaya a kansa da ƙyar ba, domin sauyin zafi da sanyi a cikin dare yana ɗan motsa wurin.

Maganin da masu sayarwa suka fi ba da shawara shi ne gilashin Barlow, wanda ke tura wurin fokas waje. Yana aiki, kuma da shi dogon zoben ya kai fokas a na'urar Newton ɗin ba tare da gardama ba. Sai dai yana da farashin da ba na kuɗi ba. Barlow mai ninki biyu yana mayar da milimita 650 ta koma 1300 ko fiye, na'urar f/5 (wato tsawon fokas a raba da faɗin na'ura, 650 a raba da 130) ta koma f/10, abin da ke nufin sai an ninka lokacin buɗe shota sau huɗu kafin a tara hasken da ake tarawa a da. Ga wata wannan ba hasara ba ce, riba ce ma. Faɗin hoton wata a kan sensa kusan tsawon fokas ne a raba da 110, don haka a 650 wata bai fi milimita 6 ba, a 1300 kuwa ya kusa 12, ya cika sensar a6400 mai milimita 23.5 da 15.6 yadda ya kamata. Amma ga taurarin Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda ke shiga firam ɗaya da ƙyar a 650, Barlow yana yanke gefunansu, ya rage hasken, ya kuma ninka duk wata girgiza ta iska ko ta ƙafar na'ura. Ga kuma nauyin kyamara da ya koma can ƙarshen dogon bututu yana rinjayar masaita.

Zobe na biyu shi ne gajeren, kuma shi ne wanda nake ganin ya cancanci kuɗinsa. Bakinsa na Sony E ne, tiredinsa na T2 ne kamar na farko, amma kaurinsa kusan milimita 10 ne maimakon 37. Da shi sensa ta matso gaba da kimanin milimita 27, wata ya fito a na'urar Newton ba tare da Barlow ba, kuma masaita tana da sauran tafiya. Kyamarar tana zaune dab da jikin masaita, gram 403 ɗinta ba sa lanƙwasa komai. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne, gajere yana iya zama dogo, dogo kuwa ba ya zama gajere. Ana sayar da zobban ƙari na T2 masu kauri daban-daban, irin su milimita 5, 10, 15 da 20, tare da siraran faifai na rabin milimita ko ɗaya, kuma da su ana gina kowace tazara da ake so. Wasu kamfanoni, ciki har da Baader Planetarium na Jamus, suna ƙera zobban kyamarori marasa madubi waɗanda ake kwancewa gida-gida, a yi aiki da gajeren ɓangaren shi kaɗai ko a mayar da sauran a cika 55. Kuɗinsu ya ninka na marasa suna, amma sayen guda ɗaya irin wannan ya fi tara zobba uku a cikin akwati.

Ba wai milimita 55 ta daina amfani ba ne. Tana dawowa da ƙarfinta da zarar an sa gilashin gyara a gaban kyamara. Na'urar Newton mai f/5 tana mayar da taurarin gefen hoto kamar masu wutsiya, ƙaramar na'ura mai gilashi kuma tana lanƙwasa filin hoto, tsakiya ta yi kyau gefe ya dushe. Gilasan da ke gyara waɗannan, irin MPCC na Baader da yawancin masu daidaita fili na ƙananan na'urori, an lissafa su ne a kan tazarar 55, kuma kuskuren milimita ɗaya ko biyu yana bayyana a kusurwoyin hoto. Masu aikin suna da ƙa'idar da ke taimakawa a mafi yawan lokuta: idan taurarin kusurwa sun miƙe suna nuni zuwa tsakiyar hoto, sensa ta yi kusa, a ƙara tazara, idan sun kwanta suna zagaye tsakiyar, ta yi nisa, a rage. Idan kuma akwai gilashin tace haske tsakanin mai gyaran da sensa, ana ƙara kusan sulusin kaurinsa a lissafi. A irin wannan aiki dogon zobe guda ɗaya yana ba da 55 a takarda, amma ba ya barin a rage ko rabin milimita, kuma ba kowane zobe mai araha ne ke cika awon da aka rubuta masa ba. Ma'aunin makanikai mai baki biyu yana warware wannan shakka cikin minti ɗaya, kuma ina ganin ya kamata ya zauna a jakar duk mai wannan sha'awa.

A kan ƙaramar na'ura mai gilashi matsalar juyawa take yi. An ƙera ta ne da tsammanin akwai madubin kusurwa tsakanin masaita da gilashin leƙawa, kuma wannan madubi yana cin tazara mai yawa. Idan aka cire shi aka sa kyamara, sai a murɗa masaita waje har ƙarshe hoto bai fito ba. A nan dogon zoben ya fi gajeren kusantar dacewa, amma shi ma sai da aka ƙara masa bututu. Na'urorin Schmidt-Cassegrain kuwa, masu haɗa madubi da gilashi, irin C8 ta Celestron, suna motsa babban madubinsu ne wajen saita fokas, don haka kusan kowane zobe zai kai. Suna da nasu tiredin a baya, mai faɗin inci 2 da layi 24 a kowane inci, kuma adaftar T da Celestron ke sayarwa dominsu tana da tsawon milimita 50, wadda idan aka haɗa da 55 ta zoben T2 ake samun 105, tazarar da aka saba amfani da ita da gilashinsu mai rage fokas zuwa f/6.3. Mai irin wannan na'ura shi ne mutum ɗaya da zan ce ya sayi dogon zobe kai tsaye, bai yi asara ba.

Zobe na uku na saye shi ne saboda faɗin rami, ba tsawo ba. Bututun inci 1.25 faɗinsa na waje milimita 31.75 ne, ramin cikinsa kuwa bai wuce 27 zuwa 28 ba, alhali sensar APS-C, wato mai girman ta a6400, daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɗan haura 28. Sakamakon shi ne duhu a kusurwoyi huɗu na hoto. A hoton wata ba a lura da shi, tunda sararin da ke kewaye da watan baƙi ne dama, amma a hoton taurari masu yawa yana fitowa fili da zarar an ƙara wa hoton haske a kwamfuta. Sensar Micro Four Thirds, mai milimita 21.6, ba ta damu ba. Cikakkiyar sensa ta 36 da 24 kuwa, wadda ke da milimita 43.3 daga kusurwa zuwa kusurwa, ko ramin T2 mai kimanin 38 ya yi mata kaɗan. Ita ake yi wa zobba masu tiredin M48, wato faɗin 48 da tazarar 0.75, daidai da na gilasan tacewa na inci 2, kuma William Optics na Taiwan na cikin masu ƙera su. Nawa ya zauna daram a masaitar inci 2 ta ƙaramar na'urar, kusurwoyi suka washe. Duk da haka, ga mai APS-C bambanci tsakanin T2 da M48 ƙanƙani ne, babban tsallen shi ne barin bututun inci 1.25 zuwa na inci 2. Wanda masaitarsa ta inci 1.25 ce kaɗai, sayen M48 ba zai ƙara masa komai ba.

Game da ingancin ƙira, abubuwan dubawa ana ganinsu da ido a ji su da hannu. Dogon zoben nan marar suna yana ɗan kaɗawa a bakin kyamara ko bayan ya yi ƙaran kullewa, idan aka riƙe shi aka girgiza ana jin motsin, kuma irin wannan motsi yana karkatar da sensa har gefe ɗaya na hoto ya fi ɗaya kaifi. Da na haska cikinsa da tocila sai baƙin fentinsa ya yi ƙyalli, abin da ke jefa wani farin hazo a hoto idan wata yana kusa da gefen firam. Na gajeren an yi masa layuka a ciki an kuma dusashe baƙinsa, hasken tocila yana shiga ya mutu. Akwai kuma ƙananan notuna uku a gefen yawancin zobban T2, waɗanda ake sassautawa da siririn alanki ko ƙaramin sukundireba domin a juya kyamara ta daidaita da yadda ake son hoton. Sabon zobe yakan zo da su a sake, kuma kyamarar da ta juya da kanta a tsakiyar ɗaukar hoto daga nan matsalarta take. Haɗin da aka murɗa da tiredi tun daga masaita har kyamara ya fi wanda noti ɗaya ke matse bututu aminci, kuma idan dole sai an zura bututu, masaita mai zoben tagulla a ciki ta fi riƙe shi a miƙe.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne na tiredi. Tsofaffin gilasan kyamarorin Pentax da Praktica suna da tiredi mai faɗin 42 su ma, sai dai tazararsa milimita 1 ce, ba 0.75 ba, kuma adaftarsu ta kyamarori marasa madubi tana kama da zoben T2 ƙwarai a hoton talla. Tana shiga zagaye ɗaya ko biyu sannan ta cije. Kamar dai notin da ba na wurin ba, idan aka matsa masa da ƙarfi sai ya cinye tiredin duka biyu, kuma a nan ɗaya daga cikin biyun na jikin na'ura ne ko na gilashin gyara mai tsada. Tallar da ta rubuta M42 kawai ba ta ambaci 0.75 ko T2 ba, a bar ta.

Sunayen bakin kyamara ma suna ruɗarwa, musamman ga mai yin oda daga ƙasar waje, inda mayar da kaya ya fi sayen sabo wahala. Zoben Sony E har yanzu ana rubuta masa NEX, sunan jerin kyamarorin da Sony ta fara da su a 2010, kuma shi ne daidai; wanda aka rubuta wa Sony Alpha ko Minolta AF yawanci na tsohon bakin A ne, ba zai hau ba. Wanda aka rubuta wa EOS kawai na Canon EF ne, EOS R da EOS M kowanne da nasa. Nikon 1 ba Nikon Z ba ce, haka Four Thirds ba Micro Four Thirds ba ce. Wanda ya riga ya mallaki zoben DSLR, wato kyamara mai madubi, da adaftar kamfaninsa, EF zuwa RF ko FTZ ta Nikon, zai iya haɗa su ya sami 55 cif, kuma yana aiki, illa dai an ƙara mahaɗa ɗaya da za ta iya kaɗawa, an kuma rasa damar gajartawa.

Tunda zoben ba shi da waya, kyamara tana ɗauka babu gilashi a jikinta, wasu kuma sukan ƙi sakin shota har sai an ba su izini a cikin saituna. A Sony wurin sunansa Release w/o Lens. Daga nan komai da hannu ake yi. Ana ƙara girman hoto a allo a saita fokas a kan gefen wani rami na wata, a sa jinkirin daƙiƙa biyu ko goma domin girgizar yatsa ta lafa kafin shota ta buɗe. Masu neman jinjirin wata da wannan haɗi su jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin su juya na'ura yamma, domin hasken rana da ya ratsa na'urar da ba ta da matacin rana a bakinta yana ƙona sensa nan take, ido kuwa ba ya warkewa daga irin wannan ƙuna.

Abu ɗaya da babu zoben da ya magance a cikin ukun shi ne ƙura. Kyamara marar madubi sensarta a buɗe take, zoben rami ne kawai, na'urar Newton kuma bakinta a buɗe yake ga iska, don haka a lokacin hunturu ƙurar da ke yawo tana da hanya miƙaƙƙiya har kan sensa. A f/5 ɗigon ba ya nunawa sosai, amma da Barlow sai ya fito baƙi-baƙi a fuskar wata. Bututun inci 1.25 da na inci 2 duka suna da tiredi a bakinsu, kuma farin gilashin tacewa da aka murɗa a wurin yana rufe hanyar, haka ma gilashin gyara idan ana aiki da shi. Sabon zobe kuma a goge tiredinsa a hure shi kafin ya kusanci kyamara, domin nawa marar sunan ya zo da ɓurɓushin alminiyam a cikin layukansa. Murfin T2 na roba ba ya zuwa tare da yawancin zobba, sai a haɗa shi a odar tun farko, domin a riƙa barin zoben a jikin kyamara a rufe maimakon cirewa da mayarwa a tsakar gida.